“Wallahi Ban Gan Shi Ba”: Wa Ke Rufe Wa Direba Ido a Mahaɗun Zariya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda aka yi karo a garin nan, ko a Tudun Wada ne ko a Sabon Gari ko a Samaru, ya san maganar da take fara fita daga bakin direba tun bai gama sauko da ƙafarsa daga mota ba: “Wallahi ban gan shi ba.” Ɗan acaɓar da ke kwance a gefen kwalta, idan Allah ya sa da sauran kwana, shi ma abin da zai ce ke nan in ya farfaɗo. Mu kuma da muka taru a kansu mukan rabu gida biyu: wasu su ce ƙarya yake yi, gudu ne ya kwashe shi, wasu su ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Daga nan sai a ɗauki wanda ya ji rauni a nufi asibiti, in abin ya yi tsanani a wuce asibitin koyarwa na Shika, a ture abin hawan gefe, a share gilashin da ya tarwatse, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa ganin wanda ya koma ya tsaya daidai inda direban ya fito, ya durƙusa har idonsa ya daidaita da na mutumin da ke zaune a kujerar mota, ya duba ko da gaske ana iya hango abin da ke tahowa daga wurin ba.

Ra'ayina shi ne, a mahaɗu da yawa na Zariya direban gaskiya yake faɗa. Bai gan shi ba, domin hanyar ba ta ba shi damar gani ba, kuma mu ne da hannunmu, hukuma da talakawa, muka toshe masa ido. Wannan ba ya wanke mai ganganci, kuma zan zo kansa. Amma muddin muka tsaya a kan zagin direba da jajanta wa juna, mahaɗar da ta ci mutum jiya tana nan yadda take, tana jiran na gobe.

Ni kaina na taɓa yin wannan rantsuwa. Wata damina, da la'asar sakaliya, na fito daga wani layi a Samaru zan hau titin Sakkwato. A hannuna na hagu, wato ɓangaren da motocin da suka fi kusa da ni suke tahowa, akwai kwantenar mai sayar da kayan masarufi dab da bakin kwalta, a gabanta kuma wata bas ta tsaya tana lodi. Na tsaya cik, na leƙa, ban ga komai ba sai bayan bas da jikin kwantena. Ba ni da wata dabara illa in riƙa cusa kan motar a hankali har idona ya wuce bas ɗin, kuma kowane direba ya san cewa tsakanin hancin mota da inda mai tuƙi yake zaune akwai kusan mita 2. Kafin ni in ga titi, titi ya riga ya ga hancin motata. Wani mai babur ɗauke da mace da goyo ya taho ta gefen bas ɗin, ya daki gaban motar, suka zube. Allah ya taƙaita, jaririn bai ji komai ba, matar ta gurje a hannu da gwiwa, mai babur ɗin ya goce a kafaɗa. Na biya kuɗin magani da gyara, aka yi sulhu, aka ce Allah ya kiyaye gaba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ni ba gudu nake yi ba, shi ma mai babur ɗin ba wani gudun a zo a gani yake yi ba, amma duk da haka muka haɗu, domin babu wanda ya ga wani a cikinmu sai da ya rage taku kaɗan.

Injiniyoyin hanya suna da lissafi a kan wannan, kuma ba lissafi ne mai wuya ba. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar gudun da ƙa'idar hanya ta Najeriya ta yarda da shi a cikin gari, tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Masu zana hanya sukan ware wa direba daƙiƙa biyu da rabi tsakanin lokacin da idonsa ya faɗa kan abu da lokacin da ƙafarsa ta taka burki, domin sai ya gani, ya gane abin da ya gani, sannan ya yanke shawara. A cikin wannan ɗan lokaci motar ta riga ta shafe mita 35 ba tare da ta rage komai ba. Idan aka haɗa da tazarar da burki yake buƙata kafin taya ta daina juyawa, ana neman kimanin mita 65, wato fiye da rabin tsawon filin ƙwallo. A gudun kilomita 80, irin wanda ake yi a babbar hanyar Kaduna zuwa Kano, tazarar takan kai mita 130. A gudun kilomita 30 kuwa mita 35 ta wadatar. Dalilin wannan bambanci shi ne, idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar burki ninkawa take yi sau huɗu. Wannan kuma lissafin mota ce mai lafiyayyen burki da taya mai zane, ba irin tayoyin da suka suɗe da muke gani a ƙarƙashin motocin haya ba.

Saboda haka ne ake cewa kowace mahaɗa tana da wani fili a kusurwoyinta wanda dole a bar shi wayam, domin wanda ke fitowa daga ƙaramin titi ya hango wanda ke kan babban titi tun yana nesa, shi ma wancan ya hango shi. Bari in kira shi filin hange. Siffarsa kamar alwatika take, ƙafa ɗaya ta bi ƙaramin titi, ɗaya ta bi babban, kuma yadda gudun titi ya ƙaru haka ƙafar da ke binsa take ƙara tsawo. Idon direban ƙaramar mota bai fi mita 1 da 'yan kai daga ƙasa ba, don haka duk abin da ya haura ƙugun babban mutum a cikin wannan fili, katanga ce ko rumfa ko mota a tsaye, ya zama labule. Mai karatu ya ɗauki wannan ma'auni ya zagaya unguwarsu, ya ƙirga mahaɗa nawa za ta ci jarrabawa.

Abin da zai tarar na san shi, domin na zagaya. Kusurwar mahaɗa ita ce wuri mafi tsada a idon mai neman abinci, tunda a nan ne jama'a suke haɗuwa kuma a nan abin hawa yake rage gudu. Mai shayi a nan yake kafa teburinsa da tulin burodi da gwangwanayen madara. Mai faci a nan yake jera tayoyi har su yi tsiri. Ɗan bumburutu a nan yake ɗora galan a kan benci, mai POS ya kafa lema, mai kwantena ya zauna daram. Masu Keke Napep da 'yan acaɓa sun mayar da bakin kowane layi tasha, domin fasinjan da ya fito daga unguwa a nan yake fara tsayawa. Ga allunan tallan makarantu masu zaman kansu da ɗakunan shan magani, waɗanda ake kafawa daidai tsayin ido don a karanta su, ga manyan hotunan 'yan siyasa da suke ƙaruwa duk lokacin zaɓe kuma ba a cire su bayansa. Mai gidan kwana kuma ya ja katangarsa har bakin lambatu, wani ma ya fitar da shago daga jikinta, domin taku ɗaya na fili a bakin titi kuɗi ne. Da damina ciyawa ta tashi a inda babu gini, da rani tulin shara ya maye gurbinta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya tashi da niyyar cutar da kowa, amma idan aka tara abin da kowannensu ya ɗan ci daga kusurwar, sai a ga babu abin da ya rage wa ido.

A manyan mahaɗu abin ya fi haka muni, domin can manyan motoci ne suke yin labulen. Wanda ya san ƙarƙashin gadar Kwangila ya san yadda motocin haya suke tsayawa lodi da saukewa a daidai inda hanyoyi suke haɗuwa, 'yan kamasho suna kiran Kano da Funtuwa da Kaduna, masu talla suna ratsawa tsakanin motoci, mai tafiya a ƙasa kuma yana fitowa daga bayan bas ba tare da ya ga abin da ke zuwa ba. A PZ motocin masu shiga banki da shaguna ne suke cika gefen titi har kusa da kwana. A bakin babbar hanya, daga wajen Ɗan Magaji har a wuce Kwangila, tirela ko tanka ɗaya da aka ajiye kusa da mashiga ta isa ta rufe wa mai fitowa duk tazarar da yake buƙata, a titin da ake gudun da na ambata a sama. Aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, wanda aka fara a 2018, ya kawo sauƙi da ba mai musunsa, amma hanya mai santsi gudu take kira, kuma duk inda gudu ya ƙaru ba tare da an faɗaɗa filin hange a mashigai ba, an ƙara wa mahaɗar haɗari ne ko da kwaltar tana sheƙi.

Mahaɗa ba ta da sauƙi ko da babu abin da ya toshe ta. Masana sun ƙirga cewa a mararraba mai hannu huɗu akwai wurare 32 da hanyar wata mota za ta iya cin karo da ta wata, tsakanin mai miƙewa da mai karya kwana da mai shigowa, alhali a shataletale wuraren 8 ne kacal. Wannan ne ya sa shataletale ya fi aminci, kuma karon da ake yi a cikinsa yawanci gogayya ce ta gefe, ba irin dukan haƙarƙari da ke kashe mutane ba. Zariya ta daɗe da sanin shataletale, sai dai amfaninsa ya dogara ne ga abu biyu: mai shigowa ya ga wanda ke ciki, kuma ya ba shi hanya. Idan aka cika bakinsa da tashar keke, aka lulluɓe kewayensa da alluna, aka bar 'yan acaɓa suna yanke shi ta hannun da ba nasu ba don guje wa zagaye, to sunan ne kawai ya rage. Haka nan titin da ya shigo wa wani a karkace ya fi wanda ya shigo a miƙe haɗari, domin sai direba ya murɗa wuyansa har bayan kafaɗa kafin ya ga abin da ke tahowa, kuma dattijo ko mai ciwon wuya ba zai iya ba.

Akwai kuma makantar da take cikin motar kanta. Ginshiƙin da ke tsakanin gilashin gaba da na ƙofa, duk da ƙanƙantarsa, yana iya ɓoye babur sukutum idan saurinsu ya zo daidai, har mai babur ya yi ta tafiya a bayan ginshiƙin ba a gan shi ba sai ya iso. Mu kuma muna ƙara masa da lambobin manne na ƙungiyoyi da addu'o'i, da carbi da ƙyalle da muke ratayewa a madubi, da baƙin gilashi. Mai keke idan ruwa ya sauko sai ya saki tamfol ta gefe biyu, ya rage ba ya ganin komai sai gabansa. Babbar mota kuwa lamarinta daban ne. Wani dattijo da ya shafe shekaru yana jan tirela tsakanin Legas da Kano ya taɓa ce mini: “Malam, in yaro ya tsaya dab da hancin motata, ko babur ya maƙale a damana, wallahi ni da makaho ɗaya muke.” Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilun 1972, direba a hagu yake zama, don haka gefen dama na tirela shi ne inda ganinsa ya fi rauni, kuma nan ne ɗan acaɓa yake son kutsawa lokacin da motar ta buɗe don ta karya kwana, yana zaton hanya aka ba shi. A birnin Landan, tun 2021 ake tilasta wa manyan motocin da suka haura tan 12 su cika wani ma'auni na yadda direba ke iya ganin gefensa kai tsaye, ko su ƙara na'urorin da za su taimaka masa, kafin a bar su su shiga gari. Mu ba mu kai nan ba, amma madubin gefe da ba fasasshe ba bai fi ƙarfin mai tirela ba.

Dare da hazo ba sai na tsawaita a kansu ba. Kowa ya san mahaɗar da babu fitilar titi, da babur marar wutar baya, da tirelar da ta lalace aka zuba mata ganye a baya maimakon alama mai ƙyalli, da fitilu masu kashe ido da matasa suke ƙarawa a motoci da kekuna. A watannin hunturu kuma, safiyar da hazo ya sauka, tazarar gani takan ragu amma ƙafar direba ba ta raguwa a kan totur.

To, me ya sa ba ma maganar wannan? Ina ganin dalili ɗaya shi ne yadda muke rubuta haɗari. Rahotannin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, shekara da shekaru suna nuna gudun wuce ƙa'ida a matsayin babban sanadi, sai ƙwacewar mota, da tuƙin ganganci, da fashewar taya, da tsinkewar burki. Ba na musun ko ɗaya. Amma yawancin waɗannan sunaye direba da motarsa suke nunawa da yatsa, kuma jami'in da ya iso wurin bayan an gama komai, abin da ya fi sauƙi a gare shi shi ne ya rubuta gudu. Gudu kuwa ba shi da ma'ana sai an gwada shi da tazarar gani. Kilomita 40 a awa ba gudu ba ne a titin da ake hango mita 100, amma kisan kai ne a kwanar da ba a ganin mita 15. Idan mahaɗa ɗaya ta yi ta cin mutane, direbobi daban-daban, a ranaku daban-daban, hankali ba zai karɓi cewa duk masu gangancin garin ne suka yi alkawarin haɗuwa a wurin ba.

Dalili na biyu shi ne yadda muke fahimtar ƙaddara. Mun yi imani babu mai wuce ranarsa, amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanyoyi, da suka ce ba su da makawa sai ya umarce su da su ba hanya haƙƙinta, kuma cikin haƙƙoƙin da ya lissafa akwai kamewa daga cutarwa. Ya kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Mun taƙaita wannan ga ƙaya da dutse da ɓawon ayaba. A zamanin da abin hawa yake cin mita 14 a daƙiƙa, rumfar da ta rufe kwana ta fi ƙaya cutarwa nesa ba kusa ba, kuma zan so in ji limamanmu sun faɗi haka a kan mumbari.

Na san abin da za a ce mini, kuma wasu daga cikin maganganun suna da nauyi. Za a ce direbobinmu ba su da tarbiyyar hanya, da yawa ba su taɓa shiga makarantar tuƙi ba, yaro ɗan shekara goma sha biyar yana jan keke cike da fasinja, ko an share kusurwa ba za su tsaya su duba ba. Akwai gaskiya a nan. Sai dai wannan hujja ce da take goyon bayana, domin inda aka san mutane za su yi kuskure, nan ne ya fi kamata hanya ta bar musu sararin gyara kuskuren. Wannan shi ne tunanin da majalisar ƙasar Suwidin ta amince da shi a 1997, cewa ɗan Adam ba zai daina kuskure ba, don haka wanda ya zana hanya yana da kaso a alhakin ran da aka rasa a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗuran hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keken hawa da babur. Wato wanda yake biyan kuɗin kuskuren sau da yawa ba shi ne ya yi shi ba: ɗalibar da za ta tsallaka titi a ƙofar jami'a ce, ko almajiri da ƙoƙonsa, ko yaron firamare wanda tsawonsa bai kai ya leƙo ta saman motar da aka ajiye ba.

Magana ta biyu ta fi damuna, wato abincin mutane. Mai shayin da ke kwana yana da iyali, kuma mun ga yadda rusau yake zuwa a jihar nan, da katafila da jami'an tsaro, a wayi gari mutum ba shi da jari. Ba wannan nake kira a yi ba. Filin hange ba ya buƙatar a kori kowa daga titi, abin da yake buƙata shi ne a ja da baya. A Ingila ƙa'idar hanya ta hana ajiye mota a cikin mita 10 daga mahaɗa. Mita 10 taku goma sha uku ne ko sha huɗu na babban mutum. Idan aka ce wa mai shayi da mai faci da masu keke su matsa da wannan gwargwado, aka kuma shata musu wurin da za su tsaya a hukumance, cinikinsu ba zai mutu ba, domin fasinjan da ya tako daga cikin unguwa ba zai gaza ƙarin taku goma ba. Akwai wani ƙaramin birni a Amurka mai suna Hoboken, a jihar New Jersey, wanda ya mayar da hankali a kan share kusurwoyin mahaɗu da rage gudu, ya kuma yi shekara bakwai a jere tun daga farkon 2017 ba a rasa rai ko ɗaya a titunansa ba. Ba na cewa Zariya Hoboken ce, yawan jama'armu da yanayin abin hawanmu sun sha bamban, amma kayan aikin da suka yi amfani da su fenti ne da 'yan turaku, ba gadar sama ba.

Akwai kuma wani gargaɗi da injiniyoyi suke yi wanda bai kamata in ɓoye ba: idan aka buɗe kwana tarwai aka bar ta da faɗi, direba yakan ji daɗin gani ya ƙara wuta, sai a gudu ba a tsira ba. Saboda haka share kusurwa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a matse bakin mahaɗar da dakali mai gajeren tsayi yadda dole mai karya kwana ya rage gudu, a ɗaga wurin tsallakawar masu ƙafa, a sa tudun rage gudu da aka gina bisa ma'auni kuma aka shafa masa fenti, ba irin wanda matasan unguwa suke tulawa da dare bayan an kaɗe yaro ba, wanda shi kansa yakan kayar da mai babur. A cikin birni kuwa, daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo da lungunan da suka rarrabu daga nan, inda aka gina gidaje da zaurukansu tun zamanin da doki da jaki ne abin hawa, babu mai hankalin da zai ce a rushe katangun kakanni don a buɗe kwana. A can lissafin juyawa yake yi: tunda ba za a iya ƙara gani ba, sai a rage gudu har ya yi daidai da ɗan ganin da ake da shi, a kuma kafa madubi mai kumburi a kwanonin da suka fi makanta.

Wa zai yi? A nan ne abin yake cakuɗewa, domin mahaɗa ɗaya takan zama mai iyaye da yawa. Babban titin na gwamnatin tarayya ne, gyaransa na hukumar FERMA, wanda ya shigo masa na jiha ne ko na ƙaramar hukumar Zariya ko ta Sabon Gari, izinin gini yana hannun hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, wato KASUPDA, kula da zirga-zirga kuma na hukumar dokokin hanya ta jihar, wato KASTLEA, da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra. Kowa yana da hannu a wurin, amma kusurwar kanta ba a damƙa wa kowa ita ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, mai rumfar da ya toshe kwana sau da yawa yana da rasit a aljihunsa, domin akwai mai zuwa karɓar haraji a wurinsa, kuma mutumin da ake karɓar kuɗinsa yana da hujjar ɗauka cewa zamansa halal ne. Ni dai ban yarda a bar maganar a hannun masu kame ba, domin dokar da ta dogara ga jami'in da ke tsaye takan koma ciniki, kuma da ya tashi daga aiki komai ya dawo. Turken kankare ba ya karɓar na goro, ba ya kuma tafiya gida da magariba.

Abin takaicin shi ne, babu garin da ya kai Zariya kayan aikin wannan gyara a Arewa. A nan Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya take, a hanyar Basawa, tun 1986. A nan Jami'ar Ahmadu Bello take, da sashen injiniyan gine-gine da hanyoyi da na tsara birane, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Kowace shekara ɗalibai suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Da za a raba musu mahaɗu talatin ko arba'in, kowane rukuni da igiyar awo da takarda, su auna tazarar da ake gani daga kowane hannu, su ƙirga abin hawa, su tambayi masu shaguna da 'yan acaɓar wurin sau nawa aka yi karo a bana, sannan a gwada da rajistar sashen agajin gaggawa na asibitoci, da cikin zango ɗaya an san mahaɗu goma da suka fi cin mutane da abin da ya rufe ido a kowace. Da wannan takarda ce masu unguwanni da hakimai da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu keke za su zauna da hukuma, domin mai shayi zai fi jin maganar mai unguwarsa fiye da ta baƙon da ya zo da motar kame.

Na gwada wannan da ɗan ƙarfina a layin da na yi karo. Bayan abin ya lafa na koma wurin mai kwantenar, dattijo ne mai sauƙin kai, na ce masa: “Baba, don Allah zo ka zauna a kujerar motata ka duba hagunka.” Ya shiga, ya leƙa, ya yi shiru, sannan ya ce: “Ɗana, ashe haka kuke fama?” Cikin mako guda ya nemo matasa suka tura kwantenar baya da kusan taku goma, har ya rasa inuwar bishiyar da yake sha. Kwana biyu ina fitowa daga layin ina hango titi har nesa. A rana ta uku na tarar da Keke Napep uku sun jeru a daidai inda kwantenar ta tashi, suna jiran fasinja, ɗaya daga cikin matuƙan ma har ya kawo benci.